Inna ta rantse ba ta komawa layin asibiti

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Boɗinga. Mahaifiyata tana da shekara 67, tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma shekara biyu ke nan duk wata nake kawo ta wani babban asibiti a cikin garin Sakkwato. Mukan baro gida bayan sallar asuba, mu isa kafin ƙarfe bakwai, amma ba mu ganin likita sai wajen ƙarfe ɗaya, wani lokaci ma sai bayan azahar. In mun shiga kuwa, ko minti goma ba mu yi. Daga nan a tura mu gwaji, a ce sakamako sai gobe. Watan jiya ta zo ba ta ci komai ba saboda awon suga, ta kuma sha magungunanta duka kafin mu fito. Wajen sha ɗaya sai ta fara karkarwa da zufa, har ta kusa faɗowa daga benci. Da muka koma gida ta ce mini: "Wagga wahala ta ishe ni, wallahi ba ni komawa. Ku riƙa sawo man magani ga kemis." Magungunan su ne amlodipine, lisinopril, metformin da glibenclamide, kuma kusan shekara guda ba a canza su ba. Ni ma hedimasta ya fara yi mini ƙorafin fashin aiki. Akwai laifi in riƙa saya mata da tsohuwar takardar? In kuwa dole mu koma, yaya za mu rage wannan zama?

Wani malami daga Boɗinga

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya, Ya ba Inna lafiya.

Tambaya biyu ka yi, amma akwai wani abu a cikin wasiƙarka da ya fi su tayar mana da hankali, don haka da shi za mu fara. Abin da ya sami Inna a kan benci, dukkan alamu sun nuna faɗuwar suga ce. Aikin glibenclamide shi ne ya tilasta wa jiki sakin insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Tsohuwa ta sha shi da asuba, cikinta babu komai tun daren jiya, ta zauna awa huɗu ko biyar cikin zafi, ai dole sugan ya sauka ƙasa. Faɗuwar suga ta wannan magani kuma tana da naci: sai a ba mutum abin zaƙi ya farfaɗo, bayan 'yan awoyi ta sake dawowa, domin maganin yana daɗewa a jiki, musamman in ƙoda ta fara rauni. Shi ya sa a jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya aka rubuta cewa glibenclamide bai dace da wanda ya wuce shekara 60 ba, an fi son wani maganin sugan mai suna gliclazide. Ba muna cewa ka canza mata da kanka ba. Amma wannan magana ce za ka fara faɗa wa likita da zarar kun zauna, tun kafin a gama gaisawa: ran kaza ta yi karkarwa da zufa, ga maganin da take sha, ga shekarunta.

Duk ranar da za a yi mata awon suga na kafin karin kumallo, ta ci abincin dare kamar kullum, ta yi awa 8 zuwa 10 ba ta ci komai ba. Ruwa zalla ta sha yadda take so, ba ya ɓata awon. Da safe ta sha na hawan jini, wato amlodipine da lisinopril, a lokacin da ta saba. Na suga kuwa su zauna a jaka, sai an ɗebi jini ta karya sannan ta sha. Ke nan abin karyawar ma da shi za a taho daga gida, kunu ne a filas ko ɗumame ko ƙosai, kada a dogara da abin da za a samu a bakin get. A jakar kuma kada a rasa sukari. In karkarwa ta zo, ko zufa mai sanyi, ko yunwa mai tsanani, ko ta fara magana ba kan gado, a narka cokalin shayi 3 zuwa 4 na sukari a ruwa a ba ta, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a kuma gaya wa nas nan take domin ta auna. Duk abin da ya gaza 3.9, ko 70 a na'urar da ke ƙirga da manyan lambobi, faɗuwa ce. Bayan minti 15 a sake aunawa, in bai tashi ba a maimaita, in ya tashi ta ci abinci mai riƙe ciki. In kuwa ta fita hayyacinta, kada a ɗura mata komai a baki, za ta shaƙe. A kwantar da ita a gefe guda a kira ma'aikata, ta jijiya za su ba ta.

Tunda muna kan batun magani: akwai tsofaffin da kan ƙi shan na hawan jini ranar asibiti, wai don likita ya ga ciwon da idonsa. Abin da ke faruwa shi ne likita ya ga 170, ya zaci maganin ya gaza, ya ƙara ƙarfinsa, mutum ya koma gida yana jiri in ya miƙe tsaye. Abin da likita ke son gani shi ne yadda jinin yake alhali ana kan magani.

Batun kemis da tsohuwar takarda, amsarmu a'a ce, in dai nufin shi ne a daina ganin likita. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. Cututtukan nan biyu ba su faɗa wa mutum lokacin da suke ɓarna. Ƙoda na iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mai ita bai ji komai ba, kuma uku daga cikin magungunan Inna huɗu suna da alaƙa da ƙoda: metformin ana rage shi ko a tsayar da shi in ta yi rauni, lisinopril na iya ɗaga sinadarin potassium a jini har ya taɓa bugun zuciya, glibenclamide kuma mun riga mun faɗa. Mai kemis ba zai ga wannan a fuskarta ba, gwajin jini da na fitsari ne ke nunawa, kuma ana yin su aƙalla sau ɗaya a shekara, tare da duba bayan ido da tafin ƙafa. Ga kuma wani rami da ake yawan faɗawa a kemis: tsohuwa ta ce gwiwa na ciwo, a haɗo mata diclofenac ko ibuprofen. Waɗannan suna ɗaga hawan jini, suna rage wa lisinopril aiki, suna kuma cutar da ƙoda. Wanda ya san fayil ɗinta ba zai ba ta su sakaka ba.

Inda kantin magani ke da amfani shi ne cike giɓi. In magani ya ƙare saura kwana biyar ranar asibiti, ko likitoci suka shiga yajin aiki, a je kantin da ke da ƙwararren mai haɗa magunguna, a nuna takarda, a saya daidai abin da aka rubuta da ƙarfinsa, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Yankewar magani ta fi wannan haɗari nesa ba kusa ba.

To, yanzu zaman. Ba za mu ce maka ka yi haƙuri ba, wanda ya yi shekara biyu yana sammako daga Boɗinga ba a koya masa haƙuri. Abin da zai yi maka amfani shi ne ka san inda awoyin nan shida suke tafiya, domin abin da kake kira layin likita a gaskiya layuka ne biyar ko shida da aka jera: wajen kati, wajen biyan kuɗi, wajen nas mai awon jini da nauyi, ƙofar likita, ɗakin gwaji, sai famasi. Kowanne da mutanensa da lokacin buɗewarsa, kuma in ɗaya ya tsaya duk na bayansa sun tsaya. Sabis ya ɗauke a wajen biya, to nas ba ta da wanda za ta auna, likita kuma yana zaune ba fayil a gabansa.

Babban tushen matsalar shi ne yadda ake ba da rana. A yawancin asibitocin gwamnati rana ake rubuta wa mutum, ba a rubuta masa awa. Kowa an ce ya zo Talata, kowa kuma ya zo da sassafe. Yi lissafi da kanka, ai malami ne kai. A ce mutum 90 aka rubuta wa ranar, likitoci 3 suka zauna, kowane majinyaci ya sami minti 10. Kowane likita yana da mutum 30, awa 5 ke nan ba tashi. In sun fara ƙarfe 9, na ƙarshe sai ƙarfe 2, ko da shi ma tun bakwai yake zaune. Kuma ba kasafai suke farawa da wuri ba, domin likitocin da ke duba masu zuwa daga gida su ne dai ke da marasa lafiya a kwance. Sai sun zagaya waɗancan tukuna, in wani ya rikice cikin dare a kansa za a tsaya, in an kira su sashen gaggawa a tsakiyar aiki su tashi. A ce ɗaya daga cikin ukun nan aka kira, lissafin ya koma mutum 45 kowanne. Ga likitoci da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila. Ga manyan asibitocin cikin gari, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru, ba ƙananan hukumomin jihar 23 kaɗai ke zuwa musu ba, har da mutanen Kebbi da Zamfara, da masu tsallakowa daga Ƙonni ta hanyar Illela. Wannan bai wanke kowa ba, akwai sakaci na gaske a wasu wurare, akwai kuma tsarin da za a iya gyarawa da biro da takarda kawai, a raba mutane rukunin ƙarfe takwas da na sha ɗaya. Amma gyaran ba a hannunka yake ba, kuma Inna ba za ta jira shi ba.

Abin da ke hannunka, mafi girmansa shi ne raba gwaji da ranar likita. Kafin ku fito daga ɗakin likita, ka roƙi ya rubuta takardar gwajin da zai buƙata a zuwa na gaba. Sai a yi gwajin kwana uku zuwa mako guda kafin ranar, a zo da sakamako a hannu. Wannan kaɗai ya kashe matsala biyu: Inna ba za ta zauna layi da yunwa ba, kuma babu "sai gobe". Awon suga na safe ba ya buƙatar zuwa Sakkwato, asibitin da ke kusa da ku zai iya yi da ɗigon jini daga yatsa. Akwai kuma gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ba ya buƙatar a zauna da yunwa, kowane lokaci ana ɗibar jinin, kuma sau biyu zuwa huɗu a shekara ya isa. Ya fi awon yatsa tsada, amma ka haɗa kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa sau biyu ka gani. Ka tambayi likitan ko ya yarda da sakamakon wani ɗakin gwaji na waje, da kuma wanne, kada ka biya kuɗi a ce a sake.

Sai raba aikin layi da jikin Inna. Ba dole ne tsohuwa ta tsaya wajen kati da wajen biya ba. Kai ko wani ƙaninka ya riga zuwa ya ajiye kati, ya biya, ya karɓi lamba, ita kuma ta zauna a inuwa, ko ma a gidan 'yan'uwa in kuna da su a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, a ɗauko ta in lokacin awon nas ya kusa. Sai dai ka tambaya tukuna, domin wasu wuraren ba su karɓar kati sai sun ga mai shi, wasu kuma suna rufe karɓa a wani lokaci da suka tsayar. Inda ake yarda a biya tun jajibiri, ko a saka kuɗi a kati, a yi hakan. Ka riƙe tsabar kuɗi da katin banki duka biyu, ba ka san wanda zai yi aiki ranar ba. In Inna tana cikin inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha, ka bincika ko ana buƙatar takardar turawa ko lambar amincewa kafin a ga ƙwararren likita, ka nemo ta tun kafin ranar. Mutane kan ɓata safiya guda suna jiran wannan lamba.

Game da sammako, in ka yi sammako wani a tafe ya kwana. Zuwa ƙarfe shida yana da riba ne kawai inda ake kira bisa wanda ya riga zuwa. A wasu wuraren bisa yadda fayiloli suka iso daga ma'ajiya ake kira, sai ka ga wanda ya zo bayanka da awa guda ya riga ka shiga, ba don yana da hanya ba, fayil ɗinsa ne aka fara cirowa. Ka tambayi nas mai kula da wurin, cikin ladabi kuma ba lokacin da take tsakiyar aiki ba: yaya ake jera kira, ƙarfe nawa likitoci suka saba zama, ƙarfe nawa ake daina karɓar kati? Amsa uku ɗin nan za su gaya maka lokacin da ya kamata ku baro gida.

Fayil ɗin kansa yakan cinye awoyi. In an kira mutum goma da suka zo bayanku, kada ka ci gaba da zama kana ƙunar rai, tashi ka tambaya ko fayil ɗinku ya iso. Sau da yawa yana can inda aka yi amfani da shi na ƙarshe, sashen ido, ko ɗakin da aka taɓa kwantar da ita, bai koma ma'ajiya ba. In Inna ta je wani sashe tun zuwanku na baya, ka faɗa wa masu kati tun da safe. Lambar katin kuma ka ɗauke ta hoto a waya, ka kuma rubuta a wani wuri. Kati ya ɓace da lamba a hannu aikin minti biyar ne, babu lamba kuwa sai a buɗe sabon fayil, tarihin shekara biyu ya tafi.

In ana ba da zaɓin rana, kauce wa Litinin da makon farko bayan hutun Sallah, domin duk wanda ya jinkirta zuwa a lokacin yake tahowa. Juma'a kuma gajeriya ce. In za ku tashi sallar azahar ko zagayawa, ka gaya wa nas da wanda ke kusa da ku a benci. Sunan da aka kira ba a amsa ba yakan koma ƙasan tari. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40, a zo da ruwa aƙalla lita biyu dominta, da mafici da ƙaramar tabarma. Mai shan lisinopril da metformin bai kamata jikinsa ya bushe ba.

Ka yi ƙorafin cewa ko minti goma ba ku yi a ciki. Ba za ka iya tsawaita su ba, amma kana iya hana su salwanta. Rabin lokacin yakan tafi a "wane magani take sha?" da "wani fari ne ƙarami". Ka zuba duk kwalayen a leda ka zo da su, har da na gargajiya da na ciwon jiki da wani ya ba ta. Ka rubuta tambaya uku, kada su wuce haka, ka fara da mafi nauyi. Kafin nas ta auna jini, Inna ta zauna minti 5 ta huta, ta yi fitsari in tana ji, kada ta ci goro cikin rabin awa kafin awon, kada kuma ta yi magana lokacin da na'urar ke matse hannu. In awon ya fito sama ƙwarai bayan tafiya da rana da ɓacin rai, ka roƙi a sake bayan ta natsu.

Yanzu ga abin da muke ganin zai fi sauƙaƙa muku duka. Wa ya ce dole sai duk wata? Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 kan hawan jini ta ce a riƙa ganin mutum wata-wata lokacin da aka fara magani ko aka canza shi, har jinin ya daidaita. In ya daidaita, duk wata 3 zuwa 6 ya isa. Shekara guda ba a taɓa magungunan Inna ba, ke nan ko dai ta daidaita ana kiran ta wata-wata bisa al'ada kawai, ko kuma kowane zuwa sabon likita take gani, kowa ya maimaita abin da na baya ya rubuta. Ko wanne ne, tambayar tana da muhalli: "Likita, in awonta ya yi kyau, za a iya mayar da mu duk wata uku, a rubuta maganin da zai kai mu?" Ka sani dai, in an canza glibenclamide, za a so a sake ganin ta nan kusa sau ɗaya ko biyu kafin a tsawaita.

Abin da ke sa likita ya amince shi ne shaida. In hali ya yi, ka sayi na'urar awon jini ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, ka kai ta asibiti sau ɗaya a gwada ta da tasu. Mako guda kafin ranar likita, a auna sau biyu da safe kafin shan magani, sau biyu da yamma, minti ɗaya ko biyu tsakani, tana zaune ta jingina, dantse daidai da ƙirji. A rubuta a littafi da kwanan wata. A awon gida ana son ƙasa da 135 bisa 85, kuma likita na iya tsayar mata da ƙasa da haka saboda suga. In ba na'ura, ma'aikacin lafiya na asibitin unguwarku ya auna duk mako biyu ya rubuta a littafin. Likitan da aka ajiye wa awo ashirin a gabansa ya fi samun natsuwar cewa "ku dawo bayan wata uku" fiye da wanda ke da awo ɗaya na tsohuwar da ta wuni a rana.

Kana kuma iya neman a mayar da ita asibitin gwamnati mafi kusa da ku, da takardar da ta bayyana ciwonta da magungunanta da gwajin da za a riƙa yi, a bar zuwa Sakkwato sau ɗaya ko biyu a shekara. Wannan ya dace in ƙoda da ido da zuciya lafiya lau suke, kuma can ɗin akwai likita mai zama. In an riga an ga matsala a ɗayansu, ta zauna hannun ƙwararru.

Akwai lokutan da ba a bin layi ko kaɗan, ko a gida abin ya faru ko a kan benci. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, ciwon ƙirji mai danna mutum, numfashi ya gagara, ruɗewa ko suma, gani ya dushe farat ɗaya, ko awon jini ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani ko amai. Waɗannan sashen gaggawa ake nufa kai tsaye, ko da dare ne, ba a jiran ranar da aka rubuta. Haka ma gyambo a ƙafar mai suga da ya fara wari ko baƙi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa. In kuna layi ka ga yanayin Inna ya canza, kada kunya ta hana ka zuwa teburin nas. Sa mai tsanani gaba aikinsu ne, ba alfarma ba ce.

Za a ba ka shawarar ka "ga" wani a ƙofa da ɗan na goro. Ba mu goyon baya. Wanda aka tsallake wata tsohuwar ce irin Inna, kuma wanda ka ba yau ya sa maka farashi ke nan har abada. Neman a duba tsufa da rauni kuwa a fili ake yinsa, ba laifi, kuma nas-nas da yawa suna yi in an yi musu magana da mutunci. In ka ga ana sayar da layi ƙiri-ƙiri, ko fayil ya ɓace sau biyu, asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar koke, sauran kuma akwai shugabar nas-nas ta sashen. Ka rubuta kwanan wata da lokacin isowa da lokacin da aka kira ku. Koken da ke da lokuta a rubuce ana karanta shi, hayaniya a baranda kuwa ba ta wuce barandar.

Hedimasta kuma ka kai masa katin da ke ɗauke da ranar tun mako biyu kafin ta zo, ku shirya wanda zai riƙe ajinka. In zuwan ya koma sau huɗu a shekara, ana iya daidaita wasu da hutun makaranta.

Ita Inna, kada ka tsaya gardama da ita kan ko an wahala, an wahala. Ka ce mata zuwa ɗaya kake roƙo, da cikinta a ƙoshe, da sakamako a hannu, domin a duba maganin da ya sa ta karkarwa, a kuma nemo mata hutun wata uku. Kuma kada a jira ranar da aka rubuta in tana da nisa. Cikin makon nan a kai ta ga likita mafi kusa kan batun glibenclamide, kafin nan kuma kada ta sha shi sai ga abinci a gabanta. Rantsuwar da ta yi kuwa, ku tuntuɓi limaminku kan kaffara. Ciyar da miskinai goma ne, kuma muna zaton kai za ta bar wa wannan ma.